Kyanwar Gidanki: Abin da Take Nufi da Haƙƙin da Ke Wuyanki

Uwargida, kin taɓa farkawa da tsakar dare kika ji kamar jariri na tsala kuka a bayan katanga? Gabanki ya faɗi, kika lalubi naki jaririn kika ji yana barcinsa, kika yi ta karanto addu'o'i har barci ya sake ɗauke ki. Da safe kika ba da labari, maƙwabciya ta ce ai ba a banza ba, wannan kyanwar ba kyanwa ba ce.

Kyanwa ce, 'yar'uwa. Macen kyanwa idan lokacin barbararta ya zo takan yi wannan kukan don kiran muzuru, ta riƙa birgima a ƙasa, tana goga jiki a ƙafar mutane, abinci ma ba ya gabanta. Idan ba ta samu namiji ba sai abin ya lafa, bayan mako biyu zuwa uku ya sake dawowa. Ihun da kike ji daga baya kuma, mai kama da ana yanka wani abu, muzurai ne ke dambe a kanta.

Haka ma idanun nan da ke ƙyalli a cikin duhu har yara su ruga da gudu. A can bayan ƙwayar idonta akwai wani shimfiɗaɗɗen abu mai kama da madubi, wanda ke mayar da ɗan hasken da ya shiga don idon ya sake amfani da shi. Shi ya sa take gani da kusan kashi ɗaya cikin shida na hasken da ke kike buƙata. Idon akuya da na saniya ma suna yin wannan ƙyallin idan aka haska su da tocila, ban taɓa jin an ce akuya mayya ba ce.

Na fara da wannan ne don camfi yana cikin abin da ya fi jawo wa wannan baiwar Allah jifa da ruwan zafi a unguwanninmu. Alhali malamanmu sun daɗe suna karantar da mu labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba, hadisin yana cikin Bukhari da Muslim. Sahabin da ya fi kowa ruwaito hadisi ma, da 'yar kyanwa aka yi masa laƙabi: Abu Huraira.

Ita ta kawo kanta

Wani abin sha'awa shi ne ba mutum ne ya je daji ya kamo kyanwa ba, kamar yadda ya yi da wasu dabbobin gida. Kusan shekara 10,000 da suka wuce, lokacin da mutanen Gabas ta Tsakiya suka fara noma suna tara hatsi, ɓeraye suka biyo hatsin, magen daji kuma ta biyo ɓerayen. Manomi ya ga amfaninta ya ƙyale ta. A shekarar 2004 masu haƙar kayan tarihi suka ba da labarin wani kabari a tsibirin Saifurus mai kimanin shekara 9,500, an binne mutum da kyanwa a kusa da shi. Har yau yarjejeniyar nan ce tsakaninmu da ita: mu ba ta wurin kwana, ta tsare mana rumbu da sito.

Wannan aikin nata a ƙasarmu ya wuce kare buhun masara. Kin san zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke Jihar Borno ta yanzu, kuma kusan kowane rani sai an ji ɓullarsa a jihohi irin su Bauchi, Taraba, Edo da Ondo. Wani irin ɓera ne mai nonuwa da yawa ke ɗauke da ƙwayar cutar, yana zubar da ita ta fitsari da kashi a kan abinci da kwanuka. Hukumar Lafiya ta Duniya, a cikin matakan da ta lissafa na kariya, ta haɗa da ajiye kyanwa a gida, tare da rufe hatsi a mazubi mai murfi da kai shara nesa. Ki lura, tare aka ce. Gidan da ake barin kwanukan dare a tsakar gida ba wanki, kyanwa goma ba za su iya masa ba. Idan kuma ta kawo miki mushen ɓera bakin ƙofa, wanda ɗabi'arta ce, kada ki ɗauka da hannu. Ki sa leda a hannunki ko ki kwashe da shebur, a binne, ki wanke wurin da ruwan bilic.

Akwai wata magana da ake yi, wai kada a ba kyanwa abinci ta ƙoshi, in ta ƙoshi ba za ta kama ɓera ba. Wannan ba gaskiya ba ne. Farauta a jininta take, motsi kaɗai ke tayar mata da ita, ko da yanzu ta tashi daga kan kwano. Kunnenta yana jin siririyar ƙarar da ɓeraye ke yi wa juna wadda kunnen mutum ba ya kamawa sam. Wadda aka bari da yunwa ita ce ke komawa satar naman miya, ta cinye 'yan tsaki da tattabarun maƙwabta, ta jawo miki faɗa, ko ta bar gidan gaba ɗaya.

Ba tuwo ne abincinta ba

A nan ne yawancinmu muke kuskure da kyakkyawar niyya. Kare yana iya rayuwa da sauran tuwo da ɗumame, kyanwa ba za ta iya ba. An halicce ta ne mai cin nama zalla. Akwai wani sinadari da ake kira taurin wanda jikinta ba ya iya haɗa isasshe da kansa, sai ta samu daga nama ko kifi. Idan ta daɗe ba ta samu ba, idonta na iya mutuwa a hankali, zuciyarta ta raunana. Harshenta ma ba ya jin zaƙi, don haka idan kin ga tana lasar kunu ko fanke, maiƙo ko madarar da ke ciki take bi.

Na san halin da ake ciki, naman da yara za su ci ma sai an yi lissafi. Ba a ce ki sayo abincin gwangwani na kanti ba. Zuciya da ƙundun kaza, guntattakin da mahauci ke yarwa, kan kifi, dafaffen ƙwai lokaci-lokaci, duk sun wadatar, a ɗan haɗa da shinkafa kaɗan don ya auka. Ki dafa su a ruwa zalla kafin ki zuba kayan miya. Dalili kuwa, albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe, suna farfasa jajayen ƙwayoyin jininta, ga gishiri da dunƙule da barkono da ba ta buƙata. Hanta a ba ta kaɗan, sau ɗaya a mako ya isa, yawanta na lalata mata ƙashi. Dafaffen ƙashin kaza da manyan ƙayoyin kifi kuma ki cire, suna tsagewa su maƙale a maƙogwaro.

Madara fa? Tana so, amma yawancin manyan kyanwoyi cikinsu ba ya narkar da ita, zawo take sa su. Ruwa shi ne abin da ya kamata ki dage a kai. Kakanninta 'yan busasshiyar ƙasa ne, ba ta cika jin ƙishirwa da wuri ba, kuma tana da tsantsami, ba ta son ruwan da ya kwana da ƙura. A watannin Maris da Afrilu ki ajiye mata kwano a inuwa, nesa kaɗan da na abinci, ki sauya kullum. Idan muzuru ne kika ga yana ta tsugunawa yana yunƙuri yana kuka fitsari bai fito ba, kada ki jira gobe. Mafitsararsa ce ta toshe, kuma cikin kwana ɗaya zuwa biyu abin na iya kashe shi.

Ƙwaya ɗaya tak

Wannan ɓangaren nake so ki riƙe ko da kin manta sauran. Shekarun baya wata 'yar'uwata tana da wata farar kyanwa da yaranta suka shaƙu da ita, har a kan tabarmar karatunsu take kwana. Wata rana ta dawo tana ɗingishi, jikinta da zafi. Uwar yaran, don tausayi, ta ɓallo farasitamol guda ɗaya ta daka ta cuɗa mata a kifi. Kafin magariba fuskarta da tafukanta sun kumbura, dasashinta ya koma ruwan ƙasa, tana haki. Da asuba ta mutu. Yaran suka yi kwana biyu ba su ci abincin kirki ba, ita kuma ta daɗe tana zargin wani ne ya sa mata guba, sai da wani likitan dabbobi ya tambaye ta abin da ta ba ta.

Hantar kyanwa ba ta da isasshen abin da ke warware wannan maganin ya fita daga jiki, kamar yadda tamu ke yi. Sai ya juye ya zama guba, ya hana jini ɗaukar iska. Ƙwaya ɗaya ta manya, mai miligiram 500, ta isa ta kashe ta. Na ruwa da kike ba yara ma haka, sauran magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen ma haɗari ne. Idan tsautsayi ya sa an riga an ba ta, a garzaya wurin likitan dabbobi a cikin sa'o'in farko, akwai makarinsa idan an yi sauri.

Na biyun shi ne maganin ƙwari. Idan kin ga ƙuma ko kaska a jikinta, kada ki shafa mata fiya-fiya, ko kananzir, ko maganin wankan shanu da karnuka. Kyanwa tana lashe duk abin da ya taɓa gashinta, kuma sinadarin fametirin da ke cikin magungunan ƙumar kare da yawa yana sa ta karkarwa da farfaɗiya har ta mutu. Idan za ki fesa maganin sauro a ɗaki, ki fitar da ita kamar yadda kike fitar da yara. Shinkafar ɓera kuwa, gida mai kyanwa da ƙananan yara ba wurinta ba ne: ko ta ci gubar kai tsaye, ko ta ci ɓeran da ya ci.

Mai juna biyu da kyanwa

Sau da yawa da zarar amarya ta samu ciki sai surukai su ce a fitar da kyanwa, wai gashinta na hana haihuwa ko ya sa ɓari. Akwai ɗan ƙamshin gaskiya a ciki, sai dai ba a gashin matsalar take ba. A kashi take.

Akwai wata ƙwayar cuta da ake kira tokzofilazma. Kyanwa na ɗaukarta idan ta ci ɓera ko ɗanyen nama mai ɗauke da ita, sannan ta riƙa zubar da ƙwayayenta a kashi na tsawon mako ɗaya zuwa uku, yawanci sau ɗaya a rayuwarta. Mutum mai lafiya idan ya kamu, galibi ba ya ma sanin ya kamu. Amma macen da ta kamu karo na farko tana da ciki, cutar na iya ratsawa ta kai ga ɗan tayi, ta jawo ɓari, ko ta taɓa masa ido da ƙwaƙwalwa. Don haka ba abin wasa ba ne.

Ga inda sauƙin yake. Ƙwayayen da ke cikin kashin ba sa iya kama mutum sai sun yi kwana ɗaya zuwa biyar a waje. Ma'ana, idan ana kwashe kashin kullum, an rage haɗarin sosai. Ki samo tsohuwar roba mai faɗi, a zuba yashi a ciki, a ajiye a lungu nesa da kicin. Kyanwa ba ta buƙatar dogon koyo, ɗabi'arta ce ta tona ta binne. Muddin kina da ciki, ki bar wa maigida ko wani babba kwashewar. Idan ba kowa sai ke, ki sa leda ko safar hannu, ki wanke hannu da sabulu. Kuma ki sani mata da yawa ba ta hanyar kyanwar gidansu suke kamuwa ba. Tsire ko balangun da bai gasu har ciki ba, latas da kabeji da karas da ba a wanke da kyau ba, wuƙar da aka yanka ɗanyen nama aka juya aka yanka tumatir da ita, taɓa ƙasar lambu a ci abinci ba wanke hannu, duk hanyoyi ne. Kina iya korar kyanwa ki kamu a wurin mai nama.

Tarin yashin gini da yara ke wasa a kai a ƙofar gida, shi ma ki sa ido, don masai ne a wurin duk kyanwoyin unguwa, kuma ana samun ƙwan tsutsar ciki a ciki. A rufe shi da buhu ko leda, yara su wanke hannu kafin cin abinci.

Batun gashi kuma, haɗiye shi ba ya kawo tarin fuka. Wannan ƙwayar cuta ce daban da mutum ke shaƙa daga tarin mai ɗauke da ita. Abin da ke akwai shi ne wasu mutane jikinsu ba ya jituwa da wani sinadari da ke cikin yawun kyanwa da fatarta, sai atishawa, ƙaiƙayin ido, mai asma kuma ta tashi. Idan kina da yaro mai asma kuma kin lura tana tashi duk sanda ya ɗauke ta, ki gaya wa likitansa, kuma kada ta shiga ɗakin kwanansa. Jariri kuwa, ko da lafiyarsa ƙalau, kada a bar ta ta kwanta a shimfiɗarsa. Ba mugunta take nufi ba, ɗumi take bi, amma jariri ba ya iya ture abin da ya rufe masa fuska. Ki sauke gidan sauro ki cusa gefensa ƙarƙashin katifa.

Ba kowace ce kyanwar Lami ba

Kyanwar Lami aka ce ba ta cizo ba ta yakushi, to taki tana yi idan aka ƙure ta. Sai dai kafin ta kai hannu takan yi gargaɗi, mu ne ba ma karantawa. Ki zauna da yaranki ki nuna musu. Idan ta tunkaro da wutsiya a miƙe sama, sallama take yi. Idan tana kaɗa wutsiyar da ƙarfi tana bugun ƙasa, ranta ya fara ɓaci, saɓanin kare. Kunnuwa sun kwanta baya, baƙin idon ya buɗe, fatar bayanta na motsi, to a janye hannu. Idan ta kwanta ta nuna ciki, ta amince da ke ne, amma yawancinsu ba sa son a taɓa cikin. Ƙarƙashin haɓa da gefen kumatu suka fi so. Goga kan da take yi a ƙafarki kuwa, ƙamshinta take shafa miki, ta sa ki cikin nata.

Gurnanin nan mai laushi da take yi a ƙirji yawanci jin daɗi ne, amma takan yi shi ma lokacin ciwo ko naƙuda. Yawan barcinta kuma ba lalaci ba ne, awa 12 zuwa 16 take yi a rana, ta tashi aiki da magariba da asuba. Kartar kujera da take yi, tsohon ɓawon farce take cirewa tana kuma sa alama. Duka ba ya hana ta, sai dai ya koya mata tsoronki. Ki jingine mata guntun itace ko tsohuwar tabarmar kaba kusa da inda ta saba.

Idan ta ciji yaro ko ta yakushe shi har jini ya fito, ki wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15 cur, ki duba agogo, sannan ku tafi asibiti a ranar. Haƙoranta sirara ne, suna shiga ciki su bar ƙaramin baki, ciwon ya ruɓe daga ƙasa. Babban abin tsoron kuma shi ne ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kusan duka daga cizon kare ne, amma kyanwa ma na ɗauka ta kuma yaɗa. Da zarar alamominsa sun bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tashi, allurar da ake yi bayan cizo kafin alamun su fito ita ce ke ceto. Yara kuma sukan ɓoye cizo don tsoron faɗa, musamman idan su suka tsokana. Ki gaya musu tun yau cewa wanda ya faɗa ba za a dake shi ba.

Ita kanta kyanwar ana yi mata rigakafin wannan ciwon daga wata uku da haihuwa, a riƙa maimaitawa yadda likita ya tsara, tare da maganin tsutsar ciki kamar duk wata uku ga mai farauta. Ki tambayi asibitin dabbobi na gwamnati da ke garinku, ko asibitocin koyarwa na likitancin dabbobi irin na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da na Sakkwato da Maiduguri. Kowace ranar 28 ga Satumba ake tunawa da yaƙi da wannan ciwo a duniya, a wasu wuraren akan yi allurar kyauta a lokacin, sai ki kasa kunne. Idan kuma kin ga gashinta na zubewa a zagaye kamar kwabo, makero ne, yana kama yara, a kai ta a duba.

'Ya'yan da ake zubarwa a bola

Mu koma kan kukan daren nan. Macen kyanwa na iya ɗaukar ciki tun tana wata huɗu zuwa shida, ita kanta ba ta gama girma ba. Cikin kwana 63 zuwa 65 ne, ta haifi uku zuwa biyar, kuma tana iya sake ɗaukar wani tun ba ta yaye waɗannan ba. A shekara sai ta yi haihuwa biyu ko uku. Ƙarshen abin mun san shi: a zuba su a kwali idonsu bai buɗe ba, a ba almajiri ya kai bola, su yi ta kuka har rana ta gama da su.

Mafita ita ce aikin da likitan dabbobi ke yi, a cire wa mace mahaifa, a yi wa namiji fiɗiya. Muzurun da aka yi wa yakan rage yawo da dambe da fesa fitsarin nan mai wari a bango, kuma farautarsa na nan. Idan zuciyarki na ɗar-ɗar ta fuskar addini, ki tambayi malamin da kika amince da shi, ki kwatanta masa har da abin da ke faruwa da 'ya'yan. Abin da ba za ki yi ba shi ne ba ta ƙwayar tsarin iyali ta mutane ko a yi mata allurarsa, yana jawo mata ruɓewar mahaifa da ƙari a nono.

Idan kuma ta riga ta haihu a bayan buhuna a sito, ki ƙyale su a inda ta ajiye su, ki ƙara mata abinci da ruwa, ki hana yara jagwalgwala su a makon farko, don in an dame ta takan kwashe su ta sauya wuri. Idonsu zai buɗe tsakanin kwana bakwai zuwa goma. Daga mako na biyu zuwa na bakwai ne suke sabawa da mutane, a lokacin ki bar yara su riƙa ɗaukarsu a hankali kina wurin, hannu ɗaya a ƙirji ɗaya a ƙarƙashin ƙafafun baya, ba a wuya ko wutsiya ba. Wanda aka saba masa da hannu a wannan tsakanin shi ke zama mai lafiyar zama da yara. Tun suna wata ɗaya ki fara cigiya a wurin masu shagon hatsi, masu gidan burodi da 'yan'uwa masu fama da ɓera, amma kada ki raba su da uwar sai sun cika mako takwas suna cin abinci da kansu.